An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Fim Ɗin Dokin Ruwa

Malamin da ya rubuta wa iyaye gargaɗi a kan fim ɗin The Water Horse, wato Dokin Ruwa, da kyakkyawar niyya ya yi, wannan a fili yake. Hujjarsa ita ce babu wani dodo a tafkin Loch Ness na ƙasar Sikotlan, hoton da aka daɗe ana yawo da shi ma ƙirƙirarsa aka yi, don haka fim ɗin da zai zaunar da yaro kusan awa biyu yana nuna masa dodon a raye yana cusa masa ƙarya da camfi ne. Ya ce yaro ba ya bambance wasa da gaske. Ya ce fim ɗin talla ne kawai na jawo 'yan yawon buɗe ido. Shawararsa ita ce a kashe shi, a kunna wa yara shirin namun daji.

Maganar babu dodo, Malam ya yi gaskiya, bai ma faɗi rabin abin da ke akwai ba. Da ya tsaya ya bi labarin ƙaryar nan dalla-dalla, ya ga su wa suka ƙulla ta da su wa suka hau kai suka zauna, ina kyautata zaton da hukuncinsa ya sauya.

A shekarar 1933 aka gyara hanyar motar da ta bi gefen tafkin, masu wucewa suka fara hango ruwan sosai. A watan Mayu na shekarar, jaridar Inverness Courier ta buga labarin wasu mata da miji da suka ce sun ga wani abu yana birgima a tsakiyar ruwan. Kafin shekara ta ƙare zance ya game Landan. Jaridar Daily Mail ta ɗauko wani mafaraucin manyan namun daji, Marmaduke Wetherell, ta ce ya je ya nemo mata dodo. Cikin 'yan kwanaki sai ga albishir: ya ga sawu manya-manya a bakin ruwa. Aka kwafi siffar sawun da filasta, aka aika wa masana a gidan adana tarihin halittu na Landan. Suka duba suka ce ai wannan sawun dorina ne, kuma ƙafa ɗaya ce aka yi ta dangwalawa a laka, busasshiya irin wadda Turawan lokacin suke ajiyewa a falo don ado. Dorina a Sikotlan! Jaridar da ta aike shi ita ce kuma ta juya ta yi masa tsiya a bainar jama'a.

Haushin haka ya sa ya shirya ramuwa. Aka sayo jirgin ƙarƙashin ruwa na wasan yara a kanti, agolansa Christian Spurling, wanda gwanin sassaƙa ne, ya ɗora masa dogon wuya da ɗan kai, tsayinsa kimanin ƙafa ɗaya. Suka kai shi wani lungu na tafkin, suka sa a ruwa, suka ɗauki hoto. Sun san in Wetherell ne ya kai hoton ba mai saurarensa, sai aka bi ta hannun wani likitan mata na Landan, Robert Kenneth Wilson, aka ce shi ya ɗauka. A watan Afrilu na 1934 Daily Mail ta buga shi. Wanda ya yi fice ɗin an datse masa gefuna, ba ka ganin gaɓar tafkin balle ka auna girman abin da ita. Haka hoton ya yi ta yawo a littattafai da jaridu shekara 60, sai a 1994 aka bayyana abin da Spurling ya faɗa kafin ya mutu.

To, Malam, a cikin wannan jerin ina yaro? Mafarauci, mai sassaƙa, likita, editan jarida, da dubban masu karatu masu gemu da furfura. Sunan likita ne ya sayar da hoton, don an ɗauka mutum mai irin wannan matsayi ba zai zubar da girmansa a kan wasa ba. Ba a taɓa yaudarar kowa da tatsuniya a Loch Ness ba. An yaudari mutane ne da abin da ya zo musu a shafin farko na jarida da sunan labari.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a rubutun Malam shi ne bai ambaci cewa fim ɗin da kansa ya tona asirin hoton ba. Tun a farko, wasu matasa 'yan yawon buɗe ido suna kallonsa rataye a bango, suka ce na bogi ne, tsohon da zai ba su labari bai musa ba. Can a tsakiya kuma aka nuna wasu mutanen gari suna harhaɗa dodon ƙarya suna ɗaukarsa hoto, idonsu na kan suna da kuɗi. Yaron da ya kalli wannan fitowa ya ga yadda ake ƙera ƙarya da hannu a miƙa wa jama'a. Masu shirin sun ɗan matsa da shekarar, sun kai abin 1942 don ya dace da labarinsu, amma ainihin darasin yana nan.

Na san abin da Malam zai ce: ai bayan na bogin, fim ɗin ya nuna akwai na gaske a ruwan. Haka ne. Tsohon ma cewa ya yi zai ba su gaskiyar abin da ya faru. Amma a dubi yadda aka gina abin: tsoho ya zauna, ya tara masu sauraro, ya ce ku matso ku ji. Wane yaron Bahaushe ne bai san wannan zama ba? Mun tashi a kan Gizo da Ƙoƙi, da Dodon da ke haɗiye mutanen gari guda, kuma ban ji wanda ya girma ya tafi daji neman gonar Gizo ba. Yaro yana gane tatsuniya daga yadda aka buɗe ta da muryar da aka ba da ita. Idan kuma ya juyo ya tambaye ka, "Baba, da gaske ne?", tambayar da kanta shaida ce cewa ya san akwai na gaske, akwai na wasa, yana so ne ya san inda zai ajiye wannan. Ɗan shekara uku ko huɗu kam yakan cakuɗa, amma shi ai ba don shi aka yi fim ɗin ba. Ƙarar igwa kaɗai ta isa ta sa shi kuka.

Batun camfi ma bai zauna ba. Camfi shi ne ka jingina wa wani abu ikon amfanarwa ko cutarwa da ba shi da shi, ka ji tsoronsa, ka kai masa yanka, ka nemi sa'a a wurinsa. Dabbar da ke cikin fim ɗin nan daga ƙwai ta fito, yunwa take ji, ragowar abinci take wawura, kare yana bin ta da gudu a cikin gida. Ba mai roƙon ta komai. Ita ce ma ke buƙatar a ɓoye ta a bahon wanka kada a gan ta. In akwai abin da uba zai yi tsaki a kansa, sai dai mashayar da tsohon ke zaune a ciki yana ba da labarin, kuma wannan kowa ya san yadda zai yi wa ɗansa bayani.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Malam ya yi rubutu mai tsawo a kan fim ɗin bai ambaci uban yaron ko sau ɗaya ba, alhali a kansa aka gina komai.

Yaron, Angus, yana zaune da uwarsa da yayarsa Kirstie a wani babban gida a bakin tafkin, inda uwar ke aikin kula da gidan. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ubansa sojan ruwa ne, an nutsar da jirginsu, an shekara ba labari. Kowa a gidan ya san ba zai dawo ba, ban da Angus. Ya riƙe ɗakin kayan aikin uban yadda ya bar shi, yana zancensa kamar wanda ya yi tafiyar fatauci. Da aka ɗauko wani sabon mai gyare-gyare, Lewis, aka ce ya kwashe kayan ɗakin, yaron ya tayar da ƙayar baya, domin a wurinsa kwashe kayan nan daidai yake da cewa uban ya mutu. A wannan ɗakin ne ƙwan da ya tsinto a bakin ruwa ya ƙyanƙyashe. Ya sa wa abin suna Crusoe, sunan mutumin nan na littafi da jirginsa ya nutse, ya yi shekaru a tsibiri, daga ƙarshe ya dawo gida. Yaron da ubansa ya ɓace a teku ne ya zaɓi wannan suna. Ba sai an yi wa mai kallo dogon bayani ba.

Daga nan labarin ya bi hanya ɗaya: abin da yaron yake so ya riƙe kullum ƙara fin ƙarfinsa yake. Ya fi ƙarfin ɗakin, aka kai shi baho. Ya fi ƙarfin bahon. Dole aka kai shi tafki, kuma a ƙarshe tafkin ma bai tsare shi ba, sai da ya tsallake ragar ƙarfen da sojoji suka gitta ya fita teku. Angus da kansa ne ya taimaka masa ya tafi, ya san kuma ba zai sake ganinsa ba. Sai bayan wannan ne, da gari ya waye, ya iya furta wa uwarsa da bakinsa cewa ubansa ba zai dawo ba. Ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa wa'azi. An ba shi wani abu ne da ya reno da hannunsa, ya so, ya sake shi, sannan ya iya sakin ɗayan.

Da gangan aka yi haka, kuma akwai shaida. Littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa na Dick King-Smith ne, ya fito a 1990. A can, labarin a farkon shekarun 1930 yake, babu yaƙi, Kirstie ce ta tsinci ƙwan, uban kuma ma'aikacin jirgin ruwan kasuwanci ne da ke zuwa gida hutu lafiya lau. Da darakta Jay Russell da marubucinsa Robert Nelson Jacobs suka zo mayar da shi fim a 2007, su suka kawo yaƙin, su suka kashe uban. Wanda burinsa kawai ya sa yara su yarda da dodo ba ya buƙatar wannan wahala. Akwai gidaje da yawa, a nan ma, da yaro ke jiran uban da ya fita bai dawo ba, soja ne ko direba ko matafiyi, manya kuma sun rasa bakin gaya masa. Ban ce fim zai yi musu aikin ba, amma na san kaɗan ne finafinan yara da suka yarda suka taɓo wannan wuri ba tare da sun dawo da uban a minti na ƙarshe ba.

Akwai kuma Kyaftin Hamilton. Shi ne ya zo da bataliyarsa ta mamaye gidan, ya kafa igwa a kan tudu, ya gitta raga, yana da yaƙinin jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa za su biyo ta tafkin. Babu ko ɗaya da ya zo. A daren hadari, mutanensa suka hango wuyan Crusoe a duhu, suka ce ga abokin gaba, suka buɗe wuta, ba su san akwai yaro a bayansa ba. Idan Malam yana neman wanda ya ga abin da babu a cikin fim ɗin nan, ga su nan, manya ne, sanye da kaki, kuma kuskurensu ya kusa kashe rai. Wani abin dariya kuma, matsayin Malam ɗin yana cikin fim ɗin, a bakin uwar yaron aka sa shi. Cikin fushi da gajiya ta ce babu wani dodo, babu wani abin al'ajabi, yaƙi ne kawai da mutuwa da mutanen da suka haukace. Emily Watson, wadda ta fito a matsayin uwar, ta furta maganar yadda ba za ka iya raina ta ba, don mace ce da ta rasa miji take magana. Fim ɗin ya saurari hujjar Malam kafin Malam ya rubuta ta.

Zancen talla ba zai ɗauke mu lokaci ba. Mutanen bakin Loch Ness sun fi shekara 70 suna cin abinci da sunan dodon kafin a yi wannan fim, ba su jira shi ba. Mafi yawan fitowar tafki da duwatsun da ake gani ma a ƙasar Niyu Zilan aka ɗauke su, a tafkin Wakatipu, dabbar kuma kamfanin Weta na can ne ya ƙera ta da kwamfuta. In talla ne, an yi wa wani gari tallan hajar wani.

Shirin namun daji kuwa, wa ya hana? Sai dai Malam ya ɗauka tatsuniya da ilimi kishiyoyi ne, wanda tarihin tafkin bai nuna haka ba. Neman dodon ne ya sa aka san Loch Ness fiye da yawancin tafkunan duniya. A 1987 wani mai bincike, Adrian Shine, ya jera jiragen ruwa sama da 20 daga gaɓa zuwa gaɓa, kowanne da na'urar da ke aika amo ƙasa ta saurari dawowarsa, suka share tafkin mai tsawon kusan kilomita 37. Ba su samo dodo ba. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago ya zo da wata dabara: duk abin da ke rayuwa a ruwa yana zubar da ɓurɓushin jikinsa, fata ko majina ko kashi, don haka in ka ɗebi ruwan ka tace, za ka iya karanta ƙwayoyin halittar mazaunansa ba tare da ka gan su ba. Ya ɗebi ruwa kimanin sau 250 a wurare da zurfi daban-daban. Da sakamako ya fito a 2019, babu ko alamar dabba mai rarrafe, sai tarin shaidar wani dogon kifi mai kama da maciji. Shi Gemmell bai ɓoye ba cewa da dodon ya jawo hankalin duniya don ta saurari kimiyyarsa. Ga kuma lissafi mai sauƙi da yaro ɗan aji biyar zai gane: dabbar ruwa mai dogon wuya da ake kwatanta dodon da ita ta ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, tafkin kuwa yana ƙarƙashin ƙanƙara har zuwa kimanin shekaru 10,000 baya. Duk wannan amsa ce ga "Baba, da gaske ne?" Yaron da aka kashe masa fim ɗin ba zai yi tambayar ba.

Fim ɗin yana da laifinsa. Ƙarami shi ne ya mayar da Loch Ness kamar reshen teku da jirgin yaƙi zai iya shigowa, alhali ruwan daɗi ne, ya fi teku tudu da kimanin mita 16, wani kogi marar zurfi ne ke fitar da shi ta garin Inverness. Malamin labarin ƙasa ne kawai wannan zai dama. Babban laifin, wanda na yi zaton Malam zai kama ya riƙe, bai ko waiwaye shi ba.

A tatsuniyoyin mutanen tsaunukan Sikotlan, dokin ruwa ba abokin wasan yara ba ne. Yakan fito bakin tafki a siffar kyakkyawan doki marar linzami, yana kiwo shi kaɗai. Yara su taru su hau, bayansa ya yi ta tsawo har ya ɗauke su duka, fatarsa ta manne musu yadda ba mai iya sauka, sannan ya zabura ya faɗa ruwa da su. Kashegari sai hanta a gaɓa. A wata ruwayar, yaro ɗaya ne ya tsira, don yatsa kawai ya ɗora, da ya ji ya manne ya yanke shi. Labari mafi tsufa ma da ake dangantawa da yankin, wanda wani malamin Kirista, Adomnán, ya rubuta wajen shekara ta 700 a tarihin waliyinsu Columba, na dabbar da ta kashe mutum ne a kogin Ness. Iyaye ba don nishaɗi suka raya wannan tatsuniya ba. Tafkin ya kai zurfin mita 230, ruwansa baƙi ne saboda ruɓaɓɓen tsiro da ruwan sama ke wankowa daga tsaunuka, sanyinsa a ƙasa bai wuce digiri 5 ko 6 ba rani da damina. Babban mutum ma da ya iya iyo ba ya daɗewa a ciki.

Me fim ɗin ya yi da wannan gado? Ya ɗauki yaro mai tsoron ruwa, wanda bai iya iyo ba, ya ɗora shi a bayan dokin ruwan, wato daidai abin da tatsuniyar ta ce kada a yi. Dabbar ta nutsa da shi can ƙasa, ya daɗe bai shaƙi iska ba, ya fito yana murna, kiɗa yana tashi, aka nuna mana ya warke daga tsoro. Tsoron nan kuwa mai hankali ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nutsewa cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, mu ma kowace damina muna jin labarin yaran da kududdufi ko rafi ya ci. Wannan fitowar ce ta cancanci uba ya tsayar da fim ya yi magana, kuma ita ce ni ma da za a ba ni almakashi zan rage.

Sai dai ma'aunin Malam ba zai iya kama wannan laifi ba, domin shi abin da ya tsaya a kai shi ne duk dodo ƙarya ne, a kore shi. Da wannan ma'auni, dokin ruwan asali mai cin yara shi ma korarre ne, haka dodon ruwan da iyayenmu mata suke tsorata mu da shi in sun ga mun nufi bakin rafi. Su ma sun san ba shi. Sun san kuma ɗan shekara huɗu ba ya jin bayanin zurfi da laka da ƙarfin igiyar ruwa, amma yana jin "dodo zai ja ƙafarka". Malam bai gaya mana abin da uwa za ta ce wa wannan yaron a bakin kududdufi ba in an hana ta dodo.